Maigidana Yana da Suga, Jarsumar Ciki Ta Ƙi Tafiya, Kuma Ni Ake Ɗora wa Laifi

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, muna zaune a Makka, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana shekararsa 56, direba ne a wani kamfani mai jigilar masu Umara tsakanin Makka da Madina. Shekararsa 11 da ciwon suga, yana shan magungunan suga Glucophage da Daonil, da ƙaramin asfirin da maganin kitsen jini. Tun bara yake fama da ƙwannafi da kumburin ciki da gyatsa. Aka gwada shi a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka ce jarsumar ciki ce, wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, aka ba shi magani kala uku na mako biyu, a ciki har da Klacid, mai kashe ƙwayoyin cuta. A rana ta biyar bakinsa ya yi ɗaci, abinci ya fita ransa, yana kan hanya sai ga zufa da karkarwa da jiri, da ƙyar ya ajiye motar a gefe. Daga ranar ya ce shi da maganin nan har abada. Bayan wata biyu ya yi gwajin jini aka ce tana nan. Yanzu har Glucophage ya bari, wai shi ke ɓata masa ciki. Ya rame, loma kaɗan ya ce ya ƙoshi, ƙafafunsa suna suka suna sagewa.

Mahaifiyarsa, Hajiya, tana tare da mu. Ita ke dama masa zuma da garin ɓawon rumman safe da yamma, kuma ta ce yajin girkina da rashin tsabtata ne suka jawo masa. An ware masa kwano da cokali, yara ba sa ci tare da shi. Na karanta a waya cewa jarsumar nan tana kawo ciwon daji, ba na iya barci. In na yi maganar asibiti sai ya ce in ƙyale shi, in kamfani suka ji za su sallame shi, iƙamarmu kuwa, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar, a hannunsu take. Ina son mijina, ina girmama Hajiya, amma na gaji. Don Allah a ba ni shawara.

Wata 'yar'uwa daga Makka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri. Macen da ke jinyar miji, tana renon yara huɗu, tana hidimar uwar miji, sannan a juyo a ce ita ce sanadin ciwon, dole barci ya ƙaurace mata. Bari in fara sauke miki kayan da ba naki ba ne.

Jarsumar nan, wadda likitoci ke kira Helikobakta, ba daga tukunyarki ta fito ba. Yawancin masu ɗauke da ita tun suna ƙanana suka kamu, galibi kafin su kai shekara goma, ta yawu ko amai ko ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa, sannan ta lafe a bangon tumbi shekara da shekaru ba a san da ita ba. Kusan rabin mutanen duniya suna da ita, a ƙasashenmu na Afirka ma abin ya fi haka. Mutum mai shekara 56, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne suna tare tun kafin a san za a ɗaura muku aure. Barkono yana iya ƙara raɗaɗi a cikin da ya riga ya ƙuje, don haka rage masa shi a yanzu kyautatawa ce, amma barkono ba ya haifar da ƙwayar cuta. Kuma Hajiya ba ita ta fara wannan zaton ba. Manyan likitocin duniya sun daɗe suna ɗora gyambon ciki a kan yaji da damuwa, har sai da wasu likitoci biyu a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ware ƙwayar a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, tumbinsa ya kumbura, aka gani da ido. A 2005 aka ba su lambar Nobel.

Sai dai ina roƙon ki, kada wannan bayanin ya zama makami a hannunki. Ranar da kika ce wa Hajiya ai a gidanta ya ɗauko, kin ci gardama kin rasa zaman lafiya. Uwar da ta tauna wa ɗanta abinci shekara hamsin da suka wuce, ƙauna ce ta sa ta. Babu mai laifi a wannan wajen.

A duk wasiƙarki, ranar nan ta kan hanya ce ta fi tayar mini da hankali. Zufa da karkarwa da jiri ga mai shan Daonil wanda bai ci abinci ba, alamun faɗuwar suga ne sak. Daonil yana matsa wa jiki ya fitar da insulin ko mutum ya ci ko bai ci ba. Klacid kuma, ban da ɗacin bakin da yake sawa, an san shi da ƙara wa irin su Daonil ƙarfi. To ki haɗa su ki gani: magani yana jan suga ƙasa, wani yana taya shi, ciki babu komai saboda ɗacin baki, ga tafiyar sama da kilomita 400 cikin zafi, ga rayukan bayin Allah a bayansa. Allah ne ya tsare. Maigidanki ba ragwanta ya yi ba. Jikinsa ya gaya masa akwai haɗari, kuma akwai ɗin. Kuskuren a fahimtar abin ne: ya ɗauka maganin jarsuma guba ne a gare shi, alhali haɗuwar magungunan ce ba a tsara ba, wannan kuwa abu ne mai gyaruwa. Ki duba kwalin maganin kitsen nan ma. In simbastatin ne, irin Zocor, shi ma ba a haɗa shi da Klacid, domin haɗin yana iya lalata tsoka.

Ba zan yi saurin ɗora wa likitan mustausaf laifi ba. Mazanmu da yawa in ciki ya kai su asibiti, maganar ciki kaɗai suke yi, don suga yana da nasa likitan da nasa katin da tasa ranar. Mai duba ciki bai ga abin da mai duba suga ya rubuta ba. Wannan rabuwar ce take cutar da maigidanki, domin ciwukan biyu a jiki ɗaya suke zaune, kowanne yana taɓa ɗan'uwansa, kuma suga ne ya fi yin tasiri.

Bincike da dama da aka tattara wuri ɗaya sun nuna maganin jarsuma ya fi ƙin ci a jikin masu suga fiye da waɗanda ba su da shi. Dalilan da likitoci ke kawowa masu kama hankali ne. Sugan da ya daɗe a sama yana raunana garkuwar jiki. Yana lalata ƙananan jijiyoyin jini, har da na bangon tumbi, ta yadda magani ba zai isa maɓoyar ƙwayar da ƙarfin da ake so ba. Sannan mai suga ya sha haɗiyar maganin kashe ƙwayoyin cuta a rayuwarsa, yau maruru, gobe ciwon fitsari, jibi haƙori, kuma duk wanda ya haɗiya, jarsumar da ke zaune a ciki tana ɗanɗanawa tana koyon jurewa. Saboda irin wannan juriyar ne tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta tsananta hana saidaliyya, wato kantin magani, sayar da waɗannan magunguna ba da takardar likita ba. Kwana biyar ɗin da ya yi ya tsaya su ma sun shiga lissafin, kamar noman da aka sare ciyawa aka bar saiwa. Shi ya sa ƙa'idar likitocin ciki ita ce ba a maimaita Klacid ga wanda ya riga ya sha bai yi masa ba. Ki riƙe wannan da kyau, domin shi ne mabuɗin shawo kansa: maganin da ya tsorata shi, ba shi za a sake ba shi ba.

Akwai wata hanyar da suga ke shiga lamarin wadda ba kowa ya san ta ba. Kin ce ƙafafunsa suna sagewa. In suga ya taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo ƙafa, yana iya taɓa wadda ke umartar tumbi ya niƙa abinci ya tura shi hanji. In ta yi rauni abinci yakan daɗe a ciki, loma uku ta cika mutum, ga kumburi, ga tashin zuciya, wani lokaci da yamma ya amayar da abin da ya ci tun safe. Alamun nan da na jarsuma sun yi kama ƙwarai, har ana iya kashe jarsumar tas kumburin bai tafi ba, mutum ya ce an cuce shi magani bai yi ba. Tumbi mai jinkiri yana kuma rikita suga: magani ya fara aiki abinci bai iso jini ba, suga ya faɗi, can da dare abincin ya iso ya haura. Ƙari a kan haka, mai suga yana iya samun gyambo a ciki bai ji zafin da ya kai girman gyambon ba, sai dai a ga jini. Shi kuwa yana shan asfirin, kuma asfirin da jarsuma in suka haɗu haɗarin zubar jini yana ƙaruwa. Kada ya bar asfirin da kansa, wataƙila don zuciyarsa aka ba shi, likita ne zai auna. Amma Brufen da Voltaren da direbobi ke haɗiya saboda ciwon baya, ki kwashe su daga gida, ki roƙe shi ya fitar da na cikin mota. In ciwo ya dame shi Panadol ya fi sauƙi ga tumbi.

Sagewar ƙafar ma kada a yanke cewa suga ne kaɗai. Shan Glucophage na shekaru yana rage bitamin B12, jarsuma tana rage shi, maganin tsamin ciki irin omefirazol in an daɗe ana sha shi ma haka. Ƙarancinsa yana kawo suka da sagewa da kasala, gwajin jini ɗaya yake nuna shi, allura ko ƙwaya ta cike giɓin. Jarsuma tana jawo ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, shi kuma yana iya sa tarakumi, awon sugan wata uku, ya nuna sama da gaskiyarsa.

Gwajin jinin da aka ce "tana nan" kuwa, ki ajiye shi gefe. Jini ba ya nuna ƙwayar kanta, shaidar da jiki ya ajiye ce lokacin da suka haɗu, kuma shaidar tana zama watanni, har shekaru, ko da ƙwayar ta mutu. Tunda kwana biyar kawai ya sha, ya fi yiwuwa tana nan ɗin, amma ba wannan gwajin zai tabbatar ba. Na numfashi ko na bayan gida su ne abin dogaro, da sharaɗin ya yi mako biyu bai sha maganin tsamin ciki ba, ya yi mako huɗu bai sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Riyal nawa mutanenmu suke zubarwa a gwajin jinin nan bayan magani, su dawo gida cikin baƙin ciki a kan sakamakon da bai ce komai ba. Abin yana ba ni takaici.

A halin maigidanki ma, ina ganin likita zai wuce nan ya ce a yi minzar, wato a leƙa cikin tumbinsa. Shekara 56, ga rama, ga saurin ƙoshi, ga asfirin: irin waɗannan ba a yi musu zato. Ramar tana iya zama ta sugan da ya haura tun da ya bar maganinsa, don suga mai yawa yana cinye jiki, amma sai an leƙa za a huta. Minzar siririyar igiya ce mai kyamara da ake zurawa ta baki, 'yan mintuna ne, kuma a nan ake ɗan tsinko abin da za a gwada jarsumar da shi. Ana buƙatar ya yi sa'o'i shida zuwa takwas bai ci ba, don haka ku nemi layin sassafe, ku tambayi yadda zai yi da maganin suga a ranar. Daonil da ciki wayam shi ne abin da ya kusa kashe shi a hanya.

Na san abin da ya hana ki barci, ba kuma zan rufe ki ba. Gaskiya ne a 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarsumar cikin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo dajin tumbi. Gaskiya ne kuma suga yana ƙara nauyi. A garin Hisayama na Japan an bi mutum kusan 2,600 har shekara 14, rahoton da ya fito a 2009 ya nuna waɗanda suka haɗa jarsuma da tarakumi mai sama sun fi saura kamuwa. Amma ki ji ragowar. Cikin mutum ɗari masu jarsuma, ɗaya zuwa uku ne ke kaiwa ga wannan, mafi yawa har su koma ga Allah ba ta yi musu komai ba, kuma Japan ƙasa ce da dajin tumbi ya yi yawa nesa fiye da nan. Abubuwa biyun da binciken ya nuna, dukkansu hannu yana kaiwa gare su: a kashe ƙwayar, wanda an tabbatar yana rage haɗarin, a kuma sauko da suga. Ki bar karatun waya da tsakar dare, ba abin da yake ƙara miki sai fargaba.

Abin da ba zai jira ba shi ne barin Glucophage. Yana da gaskiya cewa maganin yana ɓata wa wasu ciki, musamman a farkon shan sa, amma wanda ya sha shekaru lafiya da wuya a ce yau shi ne mai laifin. Ko da shi ne, akwai irinsa mai narkewa a hankali, ana kuma shan sa a tsakiyar abinci. Ki lura da abin da ya yi ba da saninsa ba: ya ajiye maganin da ba kasafai yake faɗar da suga ba, ya riƙe mai faɗarwa, shi da ba ya cin abinci sosai, shi da sitiyari ke hannunsa. Likita yana iya canza masa Daonil da wani wanda ya fi dacewa da direba. In an zo maganar allurar mako irin Ozempic, ku faɗi saurin ƙoshin nan tukuna, domin ita ma tana ƙara wa tumbi jinkiri.

Yanzu shi kansa maigidan. Magidancin da iƙamarsa da ta iyalinsa ke rataye da aiki ɗaya, in ya ce "ƙyale ni", lissafin haya da makarantar yara yake yi a zuci. Kada ki raina wannan tsoron. Ki zaɓi daren da ya kwana gida ya huta, bayan isha, ba a gaban Hajiya ba, ba a gaban yara ba. Kada ki buɗe da cewa ya bar magani. Ki ce masa, "Abban yara, na gano abin da ya same ka ranar nan. Suga ne ya faɗi, akwai dalilinsa, kuma yana iya dawowa ko babu maganin jarsuma." Sannan ki nuna masa a hankali cewa abin da zai raba shi da aikin shi ne jirin ya sake kama shi da fasinja a mota, ganin likita kuwa shi zai tsare masa aikin. Doka ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu su yi wa ma'aikatansu ta'amin na lafiya, wato inshora, haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. Akwai kuma maganar amana, wadda na san mutumin da ke ɗaukar baƙin Allah zai ji ta. Kafin a gyara masa magani, in har dole ne ya tuƙa, ya auna suga kafin ya tayar, ya sake duk bayan awa biyu. In awon sugan ya gaza 90 ya ci wani abu tukuna. In ya gaza 70 ya tsaya, ya sha rabin kofin lemo mai suga ko ya ci dabino uku, ya sake aunawa bayan minti 15, kuma kada ya koma kan sitiyari sai minti 45 bayan sugan ya daidaita. Ni da zai ji tawa, ya ɗauki hutu har ya ga likita.

In bai ji taki ba, kada ki mayar da abin mita, mita tana toshe kunne. Ki nemi yayansa, ko amininsa, ko limamin masallacin da yake salla, wanda yake jin nauyinsa. In ƙofar asibitin ce take masa nauyi, ya kira 937 daga ɗaki, layin Ma'aikatar Lafiya ne, dare da rana ana samun likita, ya karanto masa sunayen magungunansa ya ba shi labarin ranar. Sau da yawa abin da namiji ya ƙi ji daga matarsa, yakan karɓe shi daga baƙon murya.

Hajiya kuma uwa ce tana kallon ɗanta yana ramewa, ba ta da abin yi sai abin da ta gada. Zumar da take damawa tana da madogara, Allah ya ambaci waraka a cikinta a Suratun Nahli, kada ki ja da ita a kan wannan. Sai dai babban cokali ɗaya na zuma yana da suga kusan giram 17, ga shi safe da yamma, ga wanda ya ajiye maganinsa. Kuma zuma da ɓawon rumman da habbatus sauda, ko sun sanyaya ciki, ba a samu sun kawar da jarsuma daga tumbin mutum ba. Ba daga bakinki ya kamata ta ji wannan ba. Shi ya auna sugansa a gabanta kafin ya sha, ya sake bayan awa biyu, ya nuna mata lambobin. Ranar asibiti ku tafi da ita in tana iyawa, a tambayi likita a kunnenta ko girki ne ke kawo jarsuma, a tsaya a kan amsar, kada a tona daga ina ta zo. Sannan kada a karɓe mata aiki a bar ta hannu wofi. Zumar nan ita ce maganin faɗuwar suga, cokali ɗaya yana tayar da shi, to a ce ita ce mai ajiyarta don wannan ranar, ita ce kuma mai tuna masa lokacin ƙwayoyi. Ɗa ba ya ce wa uwa ba zai sha ba. Maganar rashin tsabta kuwa ta yi miki ciwo, kuma kina da gaskiyar jin ciwonta. Ki gaya wa maigida sau ɗaya, a fili, ba da kuka ba, cewa wanke ki a wajen mahaifiyarsa nauyinsa ne.

Kwanon da aka ware a mayar da shi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ci da iyalinsa, ware shi yau ba ya kare kowa, kaɗaici kawai yake ƙara masa. Abin da ke da amfani shi ne wanke hannu da sabulu bayan bayi da kafin ci, kowa da buroshinsa, kuma kada a tauna wa ƙaramin yaro abinci ko a lashi cokalinsa. Ke ki yi gwajin numfashi ko na bayan gida, don ana ba manyan da ke gida ɗaya da mai ita wannan shawarar. Yara kuwa ba a bin su da gwaji haka kawai, sai wanda yake da ciwon ciki mai naci ko ƙarancin jini, shi ma ta hannun likitan yara.

Ranar zuwa, ki zuba komai a leda ɗaya, har ragowar kwalayen maganin da ya bari da garin Hajiya, a ajiye a gaban likita ɗaya, wanda zai ji maganar suga da ta ciki a zama guda. Ku nemi a duba tarakumi da ƙoda da yawan jini da ƙarfe da B12. Maganin da aka fi bayarwa a karo na biyu kala huɗu ne na kimanin mako biyu: na tsamin ciki, da bismut, da tetrasaikilin, da Flagyl. Ƙwayoyin suna da yawa, ana shan wasu sau uku ko huɗu a rana, kuma gara ya san abin da ke gabansa tun kafin ya fara. Flagyl yana sa ɗanɗanon ƙarfe a baki. Bismut yana baƙanta harshe da bayan gida, wannan ba komai ba ne. Tetrasaikilin ba ya shiri da madara da laban, wato nono, a raba su da awa biyu. In Tavanic aka rubuta, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma yana iya jefa suga sama ko ƙasa, a faɗa wa likita ya tsara. A sa makonnin nan cikin hutunsa, ba cikin Ramadan ba, ba lokacin cunkoson alhazai ba. Ya riƙa auna suga sau huɗu a rana, ya ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, abinci mai laushi mara maiƙo, ya rage gahawa da ciki wayam. In yana taɓa sigari ko shisha ya ajiye, suna rage wa maganin ci. In wani abu ya dame shi a tsakiya, a kira likita a ranar, kada a daina a ɓoye.

Akwai alamun da ba a jiran safiya da su, sai a kira lambar agajin gaggawa, 997 ko 911: aman jini ko amai baƙi-baƙi, bayan gida baƙi mai danƙo da wari tare da jiri, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, amai mai hana ruwa zama. Haka zafin ƙahon zuciya da zufa da ƙarancin numfashi, domin ciwon zuciya ga mai suga yakan zo da rigar ƙwannafi. In suga ya faɗi har ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe a kira motar asibiti. Faɗuwar sugan Daonil tana iya komowa bayan an tayar da ita, don haka ko ya farfaɗo a kai shi.

Bayan ƙwaya ta ƙarshe ki ƙirga mako huɗu ki rubuta ranar a bango, ranar gwajin tabbatarwa ce, na numfashi ko na bayan gida. Mutane da yawa suna tsallake wannan don sun ji sauƙi, mai suga kuwa bai kamata ya tsallake ba. Kada ku sa ran mutuwar jarsuma za ta tafi da suga, shi yana nan da nasa kulawar. In kumburin ya ci gaba bayan gwaji ya nuna ta mutu, a duba jinkirin tumbi, yana da nasa gwajin da nasa tsarin abinci. In kuma gwajin ya nuna tana nan, akwai haɗi na uku, ana ma iya gwada ƙwayar a ga wane magani ke cin ta kafin a rubuta. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.